Kwanon Kunun Gwaggo Ladi

Duk wanda ya san Gwaggo Ladi a unguwar New Bell ta Douala ya san ba ta hawa babur sai da kwanon sha a hannu, cike fal da kunun gyaɗa, babu murfi. Haka za ta ɗare bayan mutum ta gyara zani ta ce, "Bisimilla, ɗan nan. Ka kai ni, ka kai kununa." Matar da ba ta taɓa kama kan babur ba tun da aka haife ta, ita ce malamar matuƙa a kamfaninmu.

Ni nake riƙe da sashen ma'aikata a kamfanin, na 'yan bensikin ɗin nan, wato 'yan acaɓa, da ake kira ta waya. Ɗauka da horarwa da sallama duk a wuyana suke. Gwaggo kuwa ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe ni da ƙanena Sale bayan babur ya kayar da Baba a hanyar Yassa bai tashi ba.

Yadda ta samu aikin ma abin dariya ne. Wani matuƙinmu ya ɗauko ta za ta kai wa ƙawarta kunu asibiti, ya faɗa rami da gudu, kunun ya wanke mata zani. Ba ta koma gida ba, ofis ta zo ta zauna a bakin ƙofar patron, wato mai kamfanin, tana ɗiga.

"Mami, ashia, sannu," in ji patron. "Za mu biya ki zanin."

"Riƙe kuɗinka. A kira min yaron, a cika min kwano, mu koma mu sake."

Suka yi ta sakewa har la'asar. Da yaron ya dawo da ita ƙarshe babu ɗigo ko ɗaya, patron ya dube ni ya ce, "Hadiza, wannan ai ta fi formasiyon ɗinku, horarwar nan da kuke yi." Daga ranar babu wanda ke samun rigar kamfani sai ya kai Gwaggo unguwar Logbaba ya dawo da kununta lafiya.

Wanda ya zubar kuwa, shi zai wanke zanin. Kai jama'a! Ka leƙa bayan ofis ka ga ƙarti masu gemu sun duƙa suna cuɗa atamfa, ita tana kan kujera tana cin goro tana cewa, "A dai cuɗa gefen nan." Patron ya taɓa lallaɓa ta a koma amfani da ruwa, ya ce ya fi tsafta. Ta ce, "Ruwa ba ya barin shaida." Ya sayo mata fulas mai murfi, ta yi godiya har da shi albarka, ta kai gida ta zuba allurai da maɓallai a ciki.

Akwai wani wayayye da ya ce ya gano lagonta. Ya ɗauke ta yana rarrafe kamar mai tallan ƙwai. Suka dawo kunu bai motsa ba, yana ta washe baki.

"Ka faɗi," ta ce.

"Haba Mami! Ko ɗigo!"

"Mai tura pus-pus, amalanken nan, ya wuce mu da buhun rogo, har ya waigo ya gaishe ni. Cewa na yi ka lallaɓa ni, ban ce ka kai ni gobe ba."

Duk wannan dariya ce a wurina, sai da Sale ya zo neman aiki. Yaron nan tuƙi yake kamar an biyo shi da wuƙa. Ya wanke zannuwan Gwaggo har hannunsa ya yi fari, ranar nan ya wurgar da sabulun ya ce ya gaji. Wai zai karɓi babur haya ya shiga hanyar Yassa cikin manyan motoci, inda babu mai tambayarsa kunu. Hanyar da ta ci Baba ke nan, kuma ni da nake ɗaukar 'ya'yan mutane aiki na kasa ɗaukar ƙanena.

Na same ta a tsakar gida na ce, "Gwaggo, don Allah ki rufe ido sau ɗaya. In yana wurinmu ai muna ganinsa."

Ta ce, "Idon da zan rufe na riga na rufe shi, na ubanku ne. Rigar kamfani ba ta tare mota, 'yar nan."

Na yi fushi da ita sosai, har na daina kai mata goro.

Ana haka ciwon ƙirjin da take fama da shi ya tashi da hantsi, ruwan Douala kuma ya sauko ya cika lungu, babu tasi da zai shigo. Babur ɗin maƙwabci kaɗai ke ƙofa, Sale kaɗai ke gida mai iya tuƙi. Ya tayar yana cewa, "Ku ɗora ta, yanzu na kai ta!" Gwaggo tana numfashi da ƙyar ta ce, "Hadiza, cika min kwano."

"Gwaggo, yanzu?"

"Yanzu ne ma. In na bar shi da tsoronsa, gawa biyu za ku ɗauko."

Na cika. Na samu wani babur a bakin titi na bi su ina kuka ina kallon bayan Sale. Wallahi ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba. Bai yi gudu ba, bai yi rarrafe ba, yana kauce wa ramukan da ruwa ya rufe kamar shi ya haƙa su. A ƙofar asibiti ta duba zaninta, ta duba kwanon, ta miƙa masa.

"Shanye. Ka ci."

Ya sa baki yana hawaye, ta ƙara da cewa, "Ka dawo min da kwanona, ba kyauta ba ne."

Bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa. Kwanon bai koma ba. Yana ofis, Sale ne yake riƙe shi yanzu a bayan sababbin matuƙa, kuma sun ce ya fi ta tsanani. Ni dai in na ji ƙarar babur ɗinsa ya shigo lungu da yamma a hankali, sai in ji wani sanyi a raina, in ce alhamdu lillahi.

Allah ya jiƙan Gwaggo Ladi, ya haɗa ta da ɗan'uwanta a Aljanna. Yadda ta lallaɓa 'ya'yan mutane suka koma gida lafiya, Allah ka lallaɓa ta ka kai ta. Amin.