Akwatin da Aka Yi wa Walda

Ermes Baraldi ɗan mai gyaran tarakta ne a wani ƙauye kusa da birnin Modena, kuma duk gadonsa doguwar sukudireba ce guda ɗaya. Yakan ɗora bakinta a jikin inji, ya manna ƙotarta a kunne, ya lumshe ido. Kafin a kwance noti ɗaya ya riga ya faɗi ciwon motar. Ya yi karatun injiniya daga baya, amma ƙaramin kamfanin tseren motocin da ya ɗauke shi, kunnen ya gani, ba takardar ba.

Kunnen ne kuma ya ja masa. Motocinsu suka yi ta cin tsere, sai mai kamfanin, wata dattijuwa Clelia, ta ce shi ne manaja.

A garejin nan akwai al'ada. Ranar da aka naɗa mutum manaja, kanikawa kan yi wa akwatin kayan aikinsa walda, ba a buɗewa sai ranar da ya ajiye aiki. Manaja ba ya taɓa mota, don kada bakanike ya sami wanda zai ɗora wa laifi. Primo, abokin Ermes tun zuwansa garejin, shi ya yi waldar yana dariya.

"Shekara biyu kawai zan yi," in ji Ermes.

"Haka na gabanka ya ce, ranka ya daɗe."

Shekara goma sha tara Ermes ya yi a bakin filin tsere cikin farar riga, rediyo a kunne, motoci na wucewa da rurin da ke girgiza haƙori. Aikinsa lallashin direbobi masu ji da kansu da yi wa 'yan jarida murmushi. Akwatinsa ya zama teburin shan kofin kanikawa. Sau uku yana roƙon a mai da shi gareji, sau uku Clelia tana cewa, "Ana ci kana maganar gajiya? Sha kofinka, Injiniya." Ya tsani farar rigar nan, amma bakinsa bai iya cewa a'a ba.

Ranar sallamarsa, bayan an ci taliya an yi jawabai, Primo ya yanke waldar. Sukudireba na nan yadda ya bar ta. Aka tayar da injin sabuwar mota, kowa ya kewaye yana ƙunshe dariya.

"To, malamin kunne, faɗa mana," in ji Primo.

Ermes ya ɗora, ya manna, ya lumshe ido. Wani guuu kawai yake ji, irin wanda ya daɗe yana kwana da shi yana tashi da shi. Ya sauya kunne. Ya daɗe a haka.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce.

Dariyar ta ɗauke. Primo bai dube shi ba. Ya miƙa hannu a hankali ya ɗaure notin da ya sassauta da gangan, wanda tun ɗazu kowa ke jin ƙararsa har bakin ƙofa.