Girgiza ta Biyu

A Dandin Mahe idan aka ce Kande mai man gyaɗa, ba a sake tambayar wacce. Tun tana amarya take matsar mai, ta soya ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa ta ɗora jarkokinta a mota zuwa Boɗinga. Mace ce mai baki, ko 'yan kamasho shakkarta suke. Amma akwai kalma guda da ba a taɓa ji a bakinta ba: sunan ɗanta na fari, Lukman. Ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta ga uwarta ta riƙe. "Wancan" take ce masa. Ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta bi ta kan mijinta, Malam Sulaiman.

Ba rashin so ba ne. Yana ƙarami sanyi ya taɓa kama ƙirjinsa har aka fid da rai, tun daga nan ba abin da Kande ke tsoro kamar sanyi. Da ya sami tallafin karatu zuwa wani gari a kudancin Turkiyya, tambayarta guda ce: "Malam, can akwai ɗari?"

Wata Litinin da hantsi wayar Malam ta yi ƙara. Kande na bakin turmi. Ya buɗe murya don ta ji.

"Baba, ƙasa ta yi girgiza. Gidaje sun zube. Amma namu shina tsaye, ni lahiya lau."

Malam ya yi ta salati. Kande ta jingine taɓarya.

"Malam, tambayi wancan, ina shike yanzu?"

"Kan titi, Baba. Dusar ƙanƙara na zuba. Da silifa na hito, ko riga mai kauri ban ɗauko ba."

"Abin ya tsaya ko shina yi?"

"Ya tsaya. Sai ɗan motsi can ba a rasa ba."

"To mi shika jira? Hadari in ya zuba ya wuce, ai ɗaki aka komawa. Ce mishi ya shiga, ya sa rigar sanyi, ya sha abu mai zahi."

"An ce mu dakata a waje tukuna, Baba."

"Wa ya ce? Su sun san ƙirjinai?"

Lukman ya yi dariya, haƙoransa na kaɗawa. "Ce ma Inna na ji. Yau ma wancan nike?"

"Ji ɗan banza," in ji Kande, ta koma kan dakanta tana murmushi.

Kafin azahar wata girgizar ta zo, mai girma kusan kamar ta farko. Gidan da ya tsaya da safe ya kwanta. Bayan kwanaki wani abokin karatunsa ya kira ya ce an ciro Lukman sanye da rigar sanyi. Can aka binne shi.

A zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare, Kande ma ta ce haka. Ta ci gaba da matsar mai. Sai dai ta daina ciniki, yadda aka taya take sallamawa. Kuma duk sa'ad da rediyo ya ambaci girgizar ƙasa, ko a wace duniya ce, sai ta fito da tabarma tsakar gida ta wuni a rana.

Da damina ta kankama, wata ranar kasuwa ta biya gidan ƙanin mijinta, Malam Nuhu, mai koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Boɗinga. Abokin wasanta ne.

"A'a, amaryata! Yau kin tuna da mijinki na gaskiya? Ina ƙulina?"

Ba ta rama ba. Ta zauna bakin ƙofa, ta tuɓe takalmi.

"Nuhu, kai ka karanta ƙasa. Abu ya yi ya gama, mi ya maido shi?"

Ya bar wasan.

"Yaya Kande, in kina daka a tsakar gida, ba ki jin kwanonin jere na ƙara cikin ɗaki?"

"Ina ji."

"Kin taɓa su?"

"A'a."

"To haka ƙasa take. Can ƙarƙashi akwai tsage-tsage, wasu sun daɗe a ɗane. Babbar girgiza in ta zo, takan ture nauyi kan tsagar da ke maƙwabtaka, wani sa'in motsin ya kai har ƙasashe masu nisa. Kwanon da ya zauna daidai sai ya yi ƙara ya tsaya. Wanda ke bakin kanta, shi ne ka faɗuwa."

"Har nan tana iya tadda mu?"

"Da wuya. Tamu ƙasar a zaune take. Ki daina wuni a rana."

"Masu ilimin abin, sun san ta biyu na tahe?"

"Sun san ƙanana za su biyo baya, wannan kullum ne. Sukan ce cikin kwanakin nan akwai yiwuwar babba, kaɗan ko da yawa. Amma ranar, ko sa'ar, ba mai iya hwaɗi. Irin wadda ta zo ran nan, mai girma haka, ba kasahwai ba ne."

Kande ta murza bakin mayafinta.

"Da kai anka kira ran nan da sahe, ba Malam ba, mi za ka ce mishi?"

Malam Nuhu ya dubi ƙasa. Ya dubi jarkar da ta ajiye. Ya so ƙwarai ya ce bai sani ba.

"Da na ce ya tsaya waje."

"Na gode," ta ce. "Kowa ya ɓoye mini, kai ba ka ɓoye ba." Ta sa takalminta, ta bar masa ƙullin ƙuli a kan tabarma. Ya kira ta har bakin zaure, ba ta waiga ba.

Gero ya fara nuna lokacin da labarin girgizar Maroko ya iso. Da safe kuka ya tashi a gidan maƙwabciyarta Maimuna, wadda ɗanta Bashar ke karatun Larabci can. Kande ta shiga ba ko sallama. Ta tarar da mata sun kewaye waya, muryar yaron na fita: lafiya yake, ginin ya ɗan tsage kawai, zai koma ciki ya kwaso kayansa.

"To yi maza ka hito," in ji Maimuna.

Kande ta fizge wayar.

"Kada ka shiga! Ka ji ni? Bar kayan. Ko sanyi zai kashe ka, tsaya waje. Ba ta gama ba. Lukman, ka tsaya waje!"

Matan da suka girma tare da ita ba su taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Inna Kande, Bashar ne," in ji muryar, a hankali. "Na ji. Ba ni shiga."

Ta miƙa wa Maimuna wayar. Ta fita, ta wuce turminta da gyaɗar da ta bari a ciki, ta zauna bayan rumbu inda ba mai ganinta. Malam Sulaiman da ya dawo daga gona ya jiyo ta tana ta maimaita sunan, ƙasa-ƙasa, kamar mai koyon faɗinsa. Ya tsaya da fartanya a kafaɗa, bai ƙarasa ba.