Notuna a Gwiwata

Malam Habibu, daren jiya wani mafarki ya kama ni, har yanzu bai sake ni ba. Ka san ni ba mai kai mafarki gaban malamai ba ne, amma wannan sai ka ji shi. Bari in fara da abin da ke ƙasa.

Akwai wani tsohon mashin a shagona wanda Tanimu, mai ɗauko tumatir daga fadama, zai zo ya saya yau bayan la'asar. Inji lafiya lau, sai dai sifirin da ke cikin shokozobar gaba ya mutu. In ka kama birki ka danna kan, sai ya nutse ya zauna. Irin nasa sai an aika Kano, Tanimu kuwa ya ce in bai samu yau ba, zai duba wani wuri, don kaya na nuna a gona. Bala bakanike ya ce abu ne mai sauƙi: a cusa notuna a saman sifirin, a ɗura baƙin mai mai kauri, gaban zai tsaya cak har a gama kaka. Kowa na yi. Na ce masa ya bari sai da safe.

To, sai na gan ni a kasuwar mashina, amma a cikin mahauta aka kafa ta. An rataye mashina a ƙugiyoyi ta tayar baya, mai na ɗiga daga shokozobarsu, ja wur. Ina cikin yi wa wani farashi sai kawai mutane suka kewaye ni, ban san kowa ba sai Bala. Wani ƙato ya dafa kafaɗuna ya danna ni ƙasa yadda muke gwada mashin. Gwiwoyina suka lanƙwashe, na kasa tasowa.

"Wannan ai ya zauna," in ji ƙaton.

"Maigida ne fa, a bi shi a hankali," in ji Bala, yana dariya. "Ku kwantar min da shi."

Suka kwantar da ni a katakon fawa. Bala ya sa sufana ya kwance ƙoƙon gwiwata, ya zaro sifirin daga ƙwaurina, duk tsatsa da jini, ya duba, ya mayar. Ya ɗebo notuna yana cusawa yana bi da guduma. Kowane bugu ina jin sa har cikin haƙorana. Na ce, "Bala, ni ne fa!" Bai ɗago ba. Ya ɗura baƙin mai, ya ɗaure tam, ya ce da ƙaton, "Zai kai ƙarshen kaka."

Sai kawai ga ni a gangaren fadama. Hannuwana sun zama kan mashin, an ɗaure min kwanduna a baya, Tanimu na bisa kaina yana ta yabo: "Alhaji, Allah ya saka da alheri, wannan gaba kamar sabo!" Ina so in ce ya sassauta, amma inda bakina yake fitila ce. Muka faɗa wani rami. Ban lotsa ba ko kaɗan, bugun ya ratsa ta cikina ya same shi a haɓa. Ya tofar da haƙori, ya ƙara wuta. A rami na gaba ƙarfe ya daki ƙarfe, noti guda ya fasa murfi ya fito kamar harsashi ya shige masa ƙasan ido. Jini na zuba a bayana, bai fasa godiya ba.

A kwanar gada tayar gaba ta daina taɓa ƙasa, tsalle kawai take. Ya damƙi birki, na ji ƙafafuna sun karye tare. Ya tashi ta saman kaina ya daki bakin gadar da ƙeya. Kwanduna suka tarwatse, ba ka gane tumatir da abin da ba tumatir ba. Mutane suka zo suna tsallake shi, suna ɗaga ni, suna danna ni. Wata murya daga ƙarƙashin gadar ta ce, "A hannun wa ya saya?" Wani ya sa ƙafa ya juya gawar. Fuskar Tanimu ce, amma rigata ce a jikinsa.

Nan na farka, na yi tofi a hagu. Gwiwoyina sun riƙe, a zaune na yi sallar asuba.

In na faɗa wa Tanimu gaskiya, ciniki ya tashi, mashin ya ci gaba da cin wuri a shago. Wannan asarar na san girmanta, na sha irinta. Ɗayar ce ban san yadda ake auna ta ba. Malam, wa aka nuna min a bakin gadar nan, ni ko shi? In kuma nauyin tuwon dare ne kawai, ka faɗa min kafin azahar.