Matar da Ta Fara Hawa Gadon Gwaji

Kafin a buɗe ƙofar asibitin mata na unguwarmu, Anti Mai Labule ta riga ta iso. Takan rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta sake goge gadon gwaji ko da mai shara ta goge, ta jona na'ura a caji, sannan ta ɗora ruwa ya yi ɗumi. Da shi take ɗumama ƙarfen da ake duba bakin mahaifa, don a cewarta mace da tsoronta take zuwa, ba sai an ƙara mata da sanyi ba. Sunan kuwa mata ne suka laƙa mata, saboda ba ta duba kowa sai ta ja labule har ƙarshensa, ta danne bakinsa da kujera.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ɗinki nake yi. Amma yayata tana raye yau ta sanadin matar nan, kuma ba zan iya bari ta tafi shiru ba.

Shekarun baya aka kawo wa asibitin na'urar. 'Yar kyamara ce da allo kamar faranti. Tana ɗaukar hoton bakin mahaifa, sai ƙirƙirarriyar basirar da ke cikinta ta gwada shi da dubban hotunan da aka koyar da ita, ta ce lafiya lau, ko kuma ta nuna ja, wato a je likita ya duba. Sankarar bakin mahaifa muguwa ce, ba ta sa ciwo sai ta ci ƙarfin mutum. Na'urar tana hango ta tun ba ta yi saiwa ba.

Amma fa mata suka ƙi. Za su zo awo, su zo rigakafin yara, da an ambaci na'ura sai kowa ta gyara mayafi.

"Anti, hoton nan ina yake zuwa?"

"An ce wani ƙato ne can yake zaune yana kallo."

Ta yi bayani har muryarta ta dishe: babu fuska a hoton, babu suna, babu ƙato. Suka gyaɗa kai don ladabi, suka watse.

Wata dattijuwa mai sayar da sabulu ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, don a idonta aka yi. Wata safiya benci ya cika, sai Anti ta cire farar rigarta ta miƙa wa abokiyar aikinta na'urar. Ta ce manya biyu su shigo su tsaya. Ta ja labule, ta hau gadon da kanta.

Allon ya nuna ja.

Abokiyar aikin ta rikice, ta yi wuf ta kifa shi a ƙirjinta, tana cewa wai caji ne ya yi ƙasa. Anti ta tashi zaune, ta dube ta.

"Juyo shi su gani. Ai don su gani na hau."

Anti ta ɗaura zaninta. Sannan ta fito gaban benci ta ce, "Na'ura ta ga wani abu a jikina. Nuni take yi, ba ita ke yanke hukunci ba. Gobe zan je wurin likita, abin da ya ce kuma za ku ji."

Likita ya tabbatar. Aka cire mata mahaifa. Ta dawo aiki a rame, tana tafiya a hankali, ta tarar benci ba wurin zama.

Yayata tana cikin waɗanda suka je daga baya, ita ma aka nuna mata ja. Ta dawo gida ta ce allambaran ba inda za ta. Yaya akwai taurin kai, ga baki.

"Lafiyata ƙalau. Ina ci, ina sha, ina wankina. Abin da ko gaishe ni bai yi ba, shi zai ce ina da ciwo?"

Na roƙe ta, mijinta ya yi faɗa, babarmu ta yi kuka. Ni na san tsoro ne ya cika ta, ni ma kuma tsoron nake ji, har na daina iya kallon yaranta.

Wata rana da yamma sai ga Anti ta yi sallama, daga wurin aiki, ko gida ba ta je ba. Ta samu Yaya tana shanya. Ta ce mu shiga ɗaki, ta saki labulen ƙofa, ta ɗaga rigarta ta nuna mana tabon ɗinkin da ke ƙasan cibiyarta. Sana'ata ɗinki, amma wannan sai da na kau da kai.

"Ni ma ƙalau nake jin jikina ranar nan," in ji ta.

Yaya ta ce, "To in na'urar kuskure ta yi fa?"

"Tana yi, wani lokaci. In haka ne, ki dawo ki zage ni son ranki, mu yi dariya. In kuma ba ta yi ba, ƙanwata, wa zai yi wa autarki kitso?"

Da safe Yaya ta shirya. Likita ya ce abin farkonsa ne, aka ƙone wurin, ranar ta kwana a gidanta. Ko wuƙa ba a sa mata ba.

Anti, ke ce kika ba na'urar nan abin da masu ƙera ta ba su iya sa mata ba. Tana da ido, amma ba ta san kunyar mace ba, ba ta bin wadda ta gudu har gida. Kin tone sirrin jikinki don namu ya rufu. Uwar masu tsoro, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku ma'aikatan da za ku gaji ɗakin nan, za a kawo muku na'urorin da suka fi wannan wayo. Ku karɓa, ku koya, amma ku riƙa ɗumama ƙarfen, ku ja labule har ƙarshe. Ku kuma 'yan'uwana mata, kada ku jira sai jiki ya yi ciwo.

Da muka tambaye ta kyautar da take so ta sallama, cewa ta yi kowace ta kawo mace ɗaya gwaji. Jiya na je da maƙwabciyata, na tarar Yaya ta riga ni. Tana zaune a benci riƙe da hannun babarmu, tana ce mata, "Inna, daina rawar jiki. Ni zan fara hawa, ki gani."