Inda Ƙarona Yake Kwana

Duk wanda ya san ni a Sevran, unguwarmu a gefen Paris, ya san maganata: ƙaron da nake kawowa daga Damagaram, babu ƙwaya ɗaya da ban san bakin da take shiga ba. Rabin alewar Faransa, in ji ni, da ƙarona ake ɗaure ta. To, wani tsohon Bature da ke sayen buhu guda a hannuna ta wasiƙa ya gayyace ni in ga sana'arsa a bayan birnin Lyon. Na ce ai masana'antar alewa ce, na sa aka goge mini babbar riga.

Mun tashi da asuba, ni da wani abokina ma'aikaci da ya fi ni Faransanci nesa ba kusa ba. Jirgin ƙasan nan mai gudu ya kwashe mu daga Paris. Kafin in gama lazimi rabin ƙasar ta wuce ta taga. Kafen da suke sayarwa a ciki kuwa, kuɗinsa zai yi cefanen gida a Maraɗi, ga shi bai kai hawayen jariri yawa ba. A Rillieux-la-Pape, a gefen Lyon, wani ɗan garinmu ya cika mana ciki da shinkafa da miyar gyaɗa, ya ara mana tsohuwar motarsa mai tari.

Hanya ta yi ta murɗewa cikin tuddai, ko'ina inabi a jere kamar sahun Idi. Ina ta baza ido ko zan hango hayaƙin masana'anta. Sai ga gidan dutse, da kare, da tsoho mai kaushin hannu. Ya rungume ni, ya ja mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Tun daga matakala warin ya gaishe ni. Gangunan katako ne kwance cikin duhu, kowace da shekararta an rubuta da alli. Na dubi abokina.

"Alhaji," ya ce a hankali, "jar giya ce."

Na ce innalillahi, na tattare babbar rigata kada ta taɓa ganga.

Tsohon bai lura ba, yana ta shafa gangunan kamar mai nuna 'ya'yansa. Giyar shekarar 83, in ji shi, rana ce ta gasa inabin, ta fito da taurin kai, sai da ta yi shekara da rabi a katako kafin ta yi ladabi. Sabuwar ganga tana sa mata ƙanshin itace, tsohuwa tana barin ta da halinta. Da ya zo kan ta bara sai ya ɓata rai: ruwan sama ya yi yawa, inabin bai nuna ba, ta fito da bauri, ganga ma ta kasa gyara ta. Bara fa, da muke ta sallar roƙon ruwa, shanu na faɗuwa a gida, ga mutum yana kukan ruwa ya yi masa yawa. Sannan ya jawo buhu mai sunana, da rubutun hannuna. Da wannan, in ji shi, ake lallashin baurin kafin a ɗura a kwalba.

Ni da na sauke farali bara waccan. Da ban sani ba, da sauƙi; yanzu da na gani da idona, in na ƙara sayar masa, me zan ce wa Ubangiji? Na gyara zaman hula, na yi masa wa'azi mai tsawo, na ce daga yau an gama. Abokina ya fassara. Tsohon ya ɗaga kafaɗa, ya yi 'yar magana, ya miƙo mini kwandon inabi. Na ce a raina baƙin ciki ne ya ɗaure masa harshe.

Washegari muka dawo Sevran. Tafiyar ta koya mini cewa ɗan kasuwa ya san inda kayansa suka fito, amma inda suke kwana sai ya taka da ƙafarsa. Jama'a sun taru ana cin inabin, ina cikin ba su labarin yadda na durƙusar da sana'ar Bature saboda Allah, sai abokina ya gyara murya.

"Alhaji, abin da tsohon ya ce shi ne bana rana ta yi kyau, giyarsa ba ta buƙatar ƙaro. Dama ya kira ka ne ya sallame ka cikin mutunci."