Kwana Taran da Suka Rasa Babi

Duk wanda ya karanta tarihi a makarantar horon malamai ta Kontagora cikin shekara talatin ɗin nan ya san Baba Haggai, ko da bai taɓa kai masa gyaran takalmi ba. A gindin dalbejiyar da ke daura da ƙofar makaranta yake zama, da akwatin kayan aikinsa da benci guda. Sunansa kuwa yana cikin kundayen bincike fiye da ɗari, a shafin ƙarshe inda ake jera waɗanda aka yi hira da su. A wani kundin shekarunsa casa'in da biyu, a na shekarar da ta biyo baya kuma ya koma saba'in.

Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Rijau. Yana saurayi aka zo ɗaukar soja lokacin yaƙin basasa, ya hau mota don ya ji ana raba takalma. Aka ba shi nasa, ƙafa ɗaya ta yi masa yawa. Ya zauna ya gyara abinsa, wani saje ya gani, shi ke nan takalman rundunarsu suka dawo kansa. Wata ashirin ya yi a can, kuma ya fi riƙe basilla a kan bindiga. Da aka sallame shi ya sauka Kontagora, ya auri Eunice, ya ci gaba da sana'ar da gwamnati ta koya masa ba da niyya ba.

Ƙa'idar sashen tarihi ita ce ɗalibi ya yi hira da wanda ya ga abu da idonsa. Rijau akwai nisa, hanyar Mashegu sai babur, Baba Haggai kuwa taku ashirin ne daga ƙofa. Sai ɗalibai su zo masa da burodi da lemo, su tambaye shi dalilan da suka haddasa yaƙi. Yakan ce musu bai sani ba, ba wanda ya gaya masa. Daga nan ya ba su labarin da yake da shi.

Ranar da aka ce rundunarsu ta ja da baya, zazzaɓi ya kayar da shi a wata gonar rogo, aka tafi aka bar shi. Wata mata 'yar ɗaya ɓangaren ta tsince shi, da kakinsa a jikinsa. Ta ja shi har madafarta, ta ɓoye shi bayan tarin itace. Kwana tara tana ba shi ruwan ganye da guntun gwaza, alhali yaranta biyu ƙafafunsu sun kumbura don yunwa. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. Sunanta kawai ya kama, Rose, don ta dafa ƙirji ta faɗa. Rana ta goma ta nuna masa hanya da hannu ta juya. Bai san sunan ƙauyen ba, kuma bai gode mata ba, tsoro ya hana shi waiwaye.

Ɗalibai sukan gyaɗa kai su rubuta. Sannan su shiga ɗakin karatu, su buɗe manyan littattafan tarihi, su ɗebo dalilai biyar su sa a bakinsa. Ta haka mutumin da karatunsa bai wuce Littafi Mai Tsarki na Hausa ba ya zama mai ra'ayi a kan tsarin mulki da arzikin man fetur. Wannan bai dame shi ba, yana ganin mutunci ne a ce ka faɗi abin da ya fi ƙarfin saninka. Abin da ke cin ransa shi ne Rose ba ta taɓa shiga ko kundi ɗaya ba. In ya tambaya sai a ce masa babu babin da za ta shiga. Akwai babin dalilai, da na yadda aka gwabza, da na sakamako, ita kuwa ba ta cikin ko ɗaya.

Bayan rasuwar Eunice idonsa ya fara hazo, zare ya soma ƙin shiga allura. Ya ga cewa shi kaɗai ya rage da ya san abin da matar nan ta yi, kuma ranar da ya kwanta dama an binne su tare.

A damina ta bara igiyar takalmin wata ɗaliba mai suna Rahmat ta tsinke a bakin ƙofa. Yana ɗinki tana zaune a benci da ƙafa ɗaya a sama, ba ta da inda za ta je, don haka ta ji labarin daga farko har ƙarshe. Washegari ta dawo da waya ta naɗi muryarsa. Bai sa rai ba, ya ga masu naɗa da yawa.

Ita kam ta rubuta shi, shafi huɗu cif. Malam Abdulfatahi, mai duba aikinta, ya ja layi da jan biro ya tambayi littafin da ya tabbatar da zancen. Rahmat ta ce babu. Cikin ladabi ta nuna masa kantar da ke bayansa, ta ce kundayen nan duk sun dogara da tsohon a kan dalilan yaƙi, an kuma sa musu hannu. In an yarda da shi a abin da bai gani ba, tana roƙon a yarda da shi a abin da ya gani. Malam ya jima yana kallon kantar, wadda rabin sa hannun da ke cikinta nasa ne. Ya ce ta gyara waƙafi a shafi na uku.

Da aka ɗinke kundin ta kawo wa Baba Haggai. Ta zauna tana karantawa tana mayar masa da Hausa. Ya ajiye takalmin da ke hannunsa, ya sa ta nuna masa inda sunan Rose yake, ya ɗora yatsa a kai ya bar tabon baƙin mai.

"'Yata, guda nawa aka buga?"

"Huɗu ne, Baba. Ɗaya za a ajiye a sashenmu. Amma gaskiya ba mai buɗe su, sai masu neman abin da za su kwafa."

"Suna kwafa sosai?"

"Har da kurakurai."

Tsoho ya ce to, Allah ya ƙaro masu kwafar, su kwafe har da Rose, ya kuma yi mata albarka, ita da iyayenta da malamin nan mai jan biro. Ranar ya tashi aiki tun kafin la'asar, ya tari Keke Napep zuwa gidan fasto, don ya roƙa a sa Rose cikin addu'ar godiya ta ranar Lahadi. Ya ce yanzu in an tambayi ko wace ce, akwai takarda.