Mutumin da Ya Ƙi Kunna Fitila a Sinimar Garinmu

"Pan Bogumil, kashe majigin nan, ka kunna fitilu. Yanzu."

"Ba a gama ba, Pani Darakta."

"Ni ce nake magana. Ko kunnen ma ya tsufa?"

"Kunne lafiya lau. Saura minti arba'in."

Ban ji wannan da kaina ba. Pani Genowefa mai yankar tikiti ce ta ba ni labari, don tana tsaye a matakala lokacin da Pani Darakta, shugabar gidan al'adu, ta hau ɗakin majigi tana haki. (A wajenmu Pan ake ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Pani.) Ni ina ƙasa cikin duhu, mahaifiyata tana riƙe da hannuna kamar za a ƙwace ni. Tun ranar nake son in rubuta wani abu a kan mutumin nan, kuma har yau ban gama gane shi ba. Zan jinjina masa a haka, da ruɗanina.

Shekara talatin da takwas Pan Bogumil Dudziak yana haska fim a 'yar sinimar garinmu. Ƙarfe bakwai na safe yana coci. Daga nan ya hau kekensa ko ana zuba ƙanƙara, ya buɗe ƙofar baya, ya goge gilashin majigi, ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya yana ɗaure waɗanda suka saki. Ya haɗa shayi a kofin gilashi, ya manta da shi har ya huce. Ranar Alhamis da ƙarfe biyar kuwa, ta finafinanmu na gida ce.

Kun san irinsu. Bazawara ta kamu da son abokin ɗanta. Wani yana kwana yana tashi da tunanin matar wansa. Wata tsohuwa a hawa na shida ta yi wata guda ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Iyali su kewaye teburi suna shan miya, ba mai cewa uffan, sai ƙarar cokali, can kuma allo ya yi baƙi, sunaye su fara hawa. Pan Zdzislaw mahauci, wanda bai taɓa fashin Alhamis ba, kullum sai ya juya ya ɗaga murya: "To, wa ya mutu? An yi auren ko an fasa? Bogumil, ko dai ka bar rabin fim ɗin a gida ne?"

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, shi kansa ba ya son finafinan. "Mutane sun yi zunubi, sun ɓata rai, an tashi," haka yake cewa. "Ni a ba ni mai dawakai da bindiga."

Amma yana da wata al'ada. In fim ya ƙare ba ya kunna fitila. Sai sunan ƙarshe ya wuce, har na mai dafa wa 'yan wasa abinci, sannan ya karanta addu'ar Ubanmu sau biyu a ransa, ƙofar gefe kuma a sake take. Wanda ya yi kuka ya share fuskarsa. Wanda bai so a san ya zo ba ya sulale. A garin da maƙwabciya ta san abin da kika dafa tun kafin ki sauke tukunya, wannan ɗan duhu ba ƙaramin abu ba ne.

Sunana Jagoda. A takardar haihuwata, gurbin uba sunan da ma'aikaciyar ofis ta ƙago ne. Amma kowa ya san ubana: Fada ne, limamin cocinmu na da, wanda addini ya hana shi aure, aka mayar da shi wani gari mai nisa ina cikin ciki. Ba wanda ya taɓa zagina. Shiru kawai ake yi in na shigo shago. Mahaifiyata ta yi shekara ashirin da huɗu a benci na ƙarshe a coci, ba biki, ba taro. Ni kuwa na tafi birnin Lublin na karanta shari'a, na dawo kaina a ɗage, kuma ban sunkuyar da shi ga kowa ba.

Bara a watan Nuwamba aka aiko fim a kan wani Fada da wata malamar waƙa da 'yarsu. Magajin gari ya buga waya, Pani Darakta ta ce a cire shi. Pan Bogumil ya ce an riga an manna sanarwa a ƙofa, shi kuma bai saba manna ƙarya ba. Ta ɗauka ƙunƙunin tsufa ne kawai.

Ni na matsa wa mahaifiyata ta zo. Mun shiga bayan an kashe fitilu, kuma ba mu kaɗai muka yi haka ba. Na ji ƙarar kujeru nan da can, har da tarin wata da na sani. A zaure kuwa dattawan coci uku sun tsaya da hulunansu a hannu, suna jira su ga masu fitowa. Makunnin fitilun yana ɗakin majigi. Shi ne Pan Bogumil ya jingina bayansa da shi.

"Ka san abin da kake jawo wa kanka?" in ji Pani Darakta.

"Korata a hannunki take, Pani Darakta. Amma sai bakwai saura kwata."

Fim ɗin bai warware mini komai ba. A ƙarshe yarinyar ta tsaya a tasha, mota ta zo, ba ta shiga ba, shi ke nan. Cikin duhun da ya biyo baya mahaifiyata ta sunkuyo ta ce, "Ba haka aka yi ba. Shi bai taɓa kuka ba." Ita ce magana ta farko da ta taɓa yi mini a kan ubana. Na so mu fita ta babbar ƙofa, in kalli dattawan nan ido cikin ido. Ita ta nufi ƙofar gefe. Na bi ta. Har yau ban san ko tsoro na yi ba ko biyayya.

Bayan sati na je gidansa in yi godiya, na tarar yana soya pierogi, curin fulawar nan mai haɗi a ciki, da albasa.

"Pan Bogumil, ashe kana bayanmu."

"Wa ya gaya miki? Abin da uwarki da mutumin nan suka yi zunubi ne. Ban sake ra'ayi ba."

Raina ya ɓaci. "To me ya hana ka kunna fitilar?"

"Ba a gama ba."

"Iyaka ke nan?"

"Ke lauya ce, kina son dalili mai shafi goma. Sun shigo ne don sun san ba na kunnawa. Zauna ki ci, 'yar nan, kin rame kamar 'yan wasan finafinan can."

Na ci, na fita a ruɗe fiye da yadda na shiga.

Kai ne, Pan Bogumil, mai tsaron duhun da mutane suka amince da shi. Ba ka yarda da mu ba, amma ba ka miƙa mu ba. Na karanta littattafai da yawa a kan 'yanci, ban sami wanda ya bayyana mini kai ba. Na gode, ni da mahaifiyata da sauran da ba zan faɗi sunayensu ba. Ku kuma da kuke riƙe da wata ƙofa ko wani makunni a wurin aikinku, ba sai kun so mutum za ku ƙi tona shi ba. Ku koya daga wannan dattijo.

Kada dai wani ya ce muku abin ya zo da sauƙi. An karɓe makullansa kafin sabuwar shekara, aka kira shi ritaya, ba walima, ba jawabi. Ranar da 'yan coci ke zagaya gari, sandar rumfar da ake ɗaga wa Fada, wadda ya shekara ashirin yana ɗauka, an ba wani. Ƙanwarsa ta ƙi gutsura wainar Kirsimeti tare da shi, kamar yadda 'yan'uwa ke yi a al'adarmu. An soke finafinan Alhamis. Har yanzu ƙarfe bakwai yana coci, amma shi kaɗai yake zama a bencinsa.